Bindigar Da Aka Ba Ni Amana A Warshata

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Madina ne, iyayena suka zo hajji daga ƙasar Kano suka zauna. A ƙarshen shekarun 1970 ina da 'yar warshar kafinta a unguwar Aƙiƙ, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ina ji da kaina ƙwarai, don duk abin da aka kawo mini na katako sai na gyara shi. Wannan jin kan ne ya ja mini abin da zan ba ku labari.

Wata rana wani dattijo Balaraben ƙauye ya kawo mini bindiga naɗe cikin bargo. Irin ta sojojin Turkawa ce ta da, mai sakata, wadda ake ja baya a sa harsashi a tura gaba a kulle. Ya ce gadon mahaifinsa ce, wani maƙeri a Sham ya cire mata bututun asali ya sa sabo don farautar barewa da awakin dutse. Ƙotarta ce ta tsage, yana so in sassaƙa wata. Ya ja mini kunne cewa kada a harba ta, domin tun da aka sauya bututun harsashinta ya zama daban, kuma yana gida wurinsa. Na ce masa na ji.

Ranar da na gama aikin yayan matata ya shigo warsha. Daga Sudan ya zo, yana tuƙa motar alhazai, kuma a can gida maharbi ne. Da ya ga bindigar ya kasa ajiye ta. Ya ce yana da tsofaffin harsasan soja na irinta, mu fita mu gwada. Na tuna maganar dattijon sarai, amma ina son a ga aikina a kafaɗar maharbi, sai na yi shiru ban faɗa masa ba.

Ranar Alhamis da hantsi muka ɗauki wanit ɗina, wato motata a-kori-kura, muka wuce Bi'ir Ali, muka yi nisa har muka fita daga haramin Madina, tunda ba a farauta a ciki. Yaya ya sa harsashi, sakatar ta ƙi rufuwa. Ya dube ni ya ce anya kuwa. Ni na karɓa, na ce tsatsa ce kawai, na buge ta da tafin hannu har ta kulle, na miƙa masa. Ya saita wani dutse ya ja kunama.

Ƙarar da na ji ba ta harbi ba ce. Bindigar ta fashe a fuskarsa, ƙotar da na sassaƙa ta rabe biyu. Ya durƙusa ya rufe fuska, jini na bin tsakanin yatsunsa. Na kasa ko matsawa kusa da shi, sai da ya kira ni. "Ƙanina, ba na gani. Kama ni." Na naɗe masa kai da rawanina na sa shi a mota. Duk hanyar nan ina kiransa don in ji ya amsa. Da ya daɗe bai amsa ba sai in ce shi ke nan, na kashe yayan matata.

A mustashfa, wato asibiti, tsoro ya sa na yi ƙarya, na ce tukunyar gas ce. Likitan ya fito da gutsattsarin tagulla a faranti ya nuna mini. Kafin la'asar shurɗa, wato 'yan sanda, sun zo. Kwana huɗu na yi a tsare, ban iya cin abinci ba, ina tunanin ɗauri, ina tunanin za a soke iƙamar Yaya, wato takardarsa ta izinin zama, ina tunanin idon da zan kalli matata da shi. Dattijon ne ya zo da takardar izinin bindigar ya shaida cewa gyara ya kawo. Da aka sake ni na je in ba shi haƙuri, ya ce ya yafe ƙarfen, amma kada in sake kiransa ammi, wato baffa, kamar yadda na saba.

Yaya ya rayu, amma idonsa na dama ya tafi da yatsa biyu. Tuƙi ya gagare shi, bayan shekara ya kwashe iyalinsa ya koma Sudan. Sai ana gobe zai tafi na iya faɗa masa cewa an gargaɗe ni na ɓoye. Ya ce da bai sani ba ya fi masa sauƙi.

Na koyi cewa iya sassaƙa katako bai sa na san bindiga ba. 'Yan'uwa masu sha'awar farauta, tsohuwar bindigar da aka taɓa sauya wa wani abu, kada ku sa mata harsashi sai masani ya duba. In ta ƙi rufuwa, ku ajiye ta. Wanda kuma aka faɗa masa haɗari, ya faɗa wa na kusa da shi tun kafin ya miƙa masa. Yaya ya rasu shekarun baya, kuma har ya bar duniya in matata ta je ganinsa ba ya tambayarta ni.