Maginin da aka tsayar a ƙofar kwaleji

An hana wani dattijo shiga kwaleji yau a Oxford, a kan idona, wai bai yanki tikiti ta waya ba.

Ga shi nan tsaye a bakin ƙofa cikin tsohuwar kwat da ta sha guga, takalmi yana ƙyalli kamar mai zuwa biki. Hannuwansa ne suka tsayar da ni da jakar cefanena: yatsu duk sun faffashe, babban yatsan ko farce babu.

"Baba, ka yi haƙuri, doka ce," in ji mai gadi, yana gyara baƙar hularsa.

"Ɗana, duwatsun tagogin cikin nan ni na sassaƙa su, lokacin ko rarrafe ba ka fara ba. Kallo ɗaya zan yi."

"To a sa jikoki su yankar maka, Baba."

Masu yawon buɗe ido suna ta shiga, suna lasar askirim. Shi kuwa ya matsa gefe, ya ɗora tafin hannu a bangon waje yana shafawa a hankali, yana tari. Ina jin daga nesa ya taso, kuma da wannan tarin ban ga alamar zai sake zuwa ba.

Ku manyan kwaleji masu cin abinci cikin baƙaƙen riguna, ba ku ji kunya ba? Ku fito ku shigar da shi da kanku kafin a rufe ƙofa!