Masar Kakata

Har yau, in ƙamshin masa ya taso daga tanda da hantsi, sai gabana ya faɗi kafin yawuna ya tsinke. Kada ku yi mini dariya, bari ku ji dalili.

A gidanmu na Malanbil, garin da ke bakin kogi, kakata ba ta toya masa don marmari. Sai in wani ɗan gida ya tsallake rijiya da baya take jiƙa gero, washegari ta toya, ta raba sadaka ƙofa-ƙofa. Mu yara kuwa mu ci har mu kasa tashi. A shekarar da sojoji suka sauya wa ƙasa suna daga Dahome zuwa Benin, ina da kamar shekara bakwai, sau biyu aka ɗora tandar nan cikin damina ɗaya. Yayana ya faɗo daga bayan motar kaya a hanyar Madekali, bai samu komai ba sai ƙurjewar gwiwa. Sai kuma dorina ta kife jirgin kawuna a wajen ƙauyen Tumbutu da ke kusa da mu, ya fito da iyo, ba taru ba riga.

Manya suka daina hira da ƙarfi. Kogi ya cika ya yi jajir, yana lasar gindin gonakin shinkafa. Ni kuwa, uwar kwaɗayi, ba abin da na gani sai tandar da ke kife a bayan rumbu. Wata safiya, Baba ya ɗaura buhunan albasarsa ya hau motar Gaya, can tsallaken gada, na je na tsuguna gaban kakata na ce, “Yaushe wani zai sake faɗuwa mu ci masa?”

Ba ta buge ni ba. Da ma ta buge ni. Kallona kawai ta yi, ta ce, “Ke ɗiyag ga, mi kika ce? Tohe yawunki.”

Na tofar, amma maganar ta riga ta fita.

Rana ba ta kai tsaka ba sai ga jandarma, jami’in tsaro, a kan keke. Ya ce motar albasa ta kife a gangaren gada, akwai wanda ya mutu, ba a san ko wane ne ba tukuna. Innata ta fita da gudu ba mayafi. Kakata kuwa ta ɗauko ƙwarya ta fara auna gero. Na riƙe zanenta, na ce ai ba mu ji ko Baba ya tsira ba.

Ta ce, “In ya komo, sadaka ta. In bai komo ba, ita dai anka saba toyawa.”

Ranar na san masar da ake yi wa wanda ya tsira ita ce ake yi wa mamaci. Na shige bayan rumbu ina kuka, na tabbata bakina ne ya kashe ubana.

Da la’asar aka shigo da shi, hannu a ɗaure, riga duk laka da warin albasa. Maƙwabcinmu ne ya rasu, wanda Baba ya bar wa wurin zamansa na cikin motar tun a tasha, saboda rana ta dami mutumin. Bayan kwana uku aka kawo mana masa daga gidansu, irin tamu sak. Na kasa kai ta baki.

Yanzu babura sun cika garin, ɗana ma da babur yake neman abinci, kullum yana kan gadar nan. Tandar kakata tana hannuna, amma ba na jiran jandarma kafin in ɗora ta. Ranar da kowa ya fita ya dawo lafiya nake jiƙa gero. Jikata, mai kwaɗayi irina, ta tambaye ni kwanan baya, “Kaka, wa ya tsira?”

Na ce, “Dukanmu. Ci ki yi shiru.”