Mai Manhajar Kyauta a Layin Likitan Ido

A bencin asibitin ido, wani dattijo ya ɗora tsohuwar kwamfuta a cinya, hancinsa na kusan taɓa gilashinta. Shekara goma sha biyu yana kula da manhajar adana bayanai da ya rubuta ya sakar wa duniya kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara. Yanzu ido ya gaza, zai miƙa ragamarta ga wani da bai taɓa gani ba. Yatsansa na kan maɓallin, ya kasa dannawa.

"Malam, danna mana," in ji matarsa. "Sai ka ce 'yarka kake aurarwa."

Bai ɗago ba. A hankali ya ce, "Ranar auren 'yar ma, ai wannan nake gyarawa."