Albasar Da Ta Bushe Tana Jiran Saƙona

Assalamu alaikum masu karatu. Na daɗe ina bin labaran da jama'a ke aiko wa wannan shafi, wani lokaci in girgiza kai in ce yaya mutum da hankalinsa zai yarda a yi masa haka, ban san nawa yana tafe ba. A lokacin da abin ya faru ni malamin firamare ne a Tambuwal, ina da iyali, da babur, da wata babbar waya da nake ji da ita fiye da kima. A ɗakin malamai ni ake miƙo wa waya idan ta rikice, ni ne kuma mai yi wa abokan aiki huɗuba cewa kada su ba kowa lambar katin banki. Na taɓa sayen takalmi da caja ta intanet suka iso lafiya, daga nan na naɗa wa kaina rawanin gwaninta. Amma asalina ɗan ƙauye ne daga ƙasar Kebbe, inda mahaifina ke noma yana riƙe da 'yan shanunsa kamar yadda ya gada.

Sai na yi muku bayanin wani abu kafin ku gane yadda na kai kaina ga wannan hali. Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma a wurinmu akwai kunya mai nauyi tsakanin uba da ɗansa na fari. Tun tasowata ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. In zai ambace ni sai ya ce wancan na Tambuwal. Idan na je gida nakan durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, shi ke nan hira ta ƙare. Duk maganar da ke da nauyi ta hannun Baffa take bi, wato ƙanin mahaifina, shi zai kai, shi zai kawo. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka tarar, kuma ban taɓa ganin aibinta ba sai a shekarar da abin nan ya faru.

Mahaifina yana da lambu a bakin gulbi, a wani wuri mai tudu inda ƙananan injinan fetur ba sa iya hawo da ruwa sosai. Tun ina yaro ya sayar da shanu ya sayi wani babban injin dizal na ban-ruwa, irin na da, wanda ake tayarwa da hannu. Wannan injin shi ya mai da shi mutum a fadamar. Maƙwabtan lambu suna kawo mai, shi kuma yana raba musu ruwa bi da bi, kowa da ranarsa, kuma ba a taɓa jin an yi rigima a rabonsa ba. A ranin da nake ba ku labari duk sun dasa albasa, ta kama, ta yi kore shar, har ta fara sa kai. Na je gida wani ƙarshen mako, na sauka lambu, na tarar da shi yana fama da injin. Ya juya ƙarfen tayarwa ya juya, injin ya yi tari ya mutu, ya dafa gwiwa yana haki, ya sake kamawa. Da ƙyar ya tashi yana zubar da baƙin hayaƙi. Na tsaya a bayan wata bishiya don kada ya san na gani, zuciyata ta karye. Na ce a raina ina amfanin albashina in tsohon nan zai ci gaba da wannan wahala.

Na tambayi bakaniken da ke duba musu injin, ya ce injekta ce ta tsufa, wato abin da ke watsa wa injin mai, kuma irin tata ta yi wuya yanzu, sai dai a dace da ta hannu. Ina komawa Tambuwal na shiga wani shafi da ake tallar kayan gyara na hannu, na yi ta dubawa har na ci karo da hoton injekta sak irin tamu. Na kira lambar. Mutumin da ya ɗauka ya ce shagonsa a Legas yake, amma harshensa namu ne tsaf, irin na Sakkwatawa, har yana tambayata ko ruwan gulbi ya ja baya bana. Da ya ji na ce na mahaifina ne, sai ya shiga sa mini albarka, ya ce ɗa irina ya yi ƙaranci a zamanin nan. Wallahi na ji daɗin maganar, kuma ina jin a nan ya kama ni. Ya turo mini bidiyon wani shago cike da ƙarafa, da hannu yana jujjuya injektar. Ban lura ba sai daga baya cewa babu fuskar kowa a bidiyon, babu kuma murya.

Farashin da ya faɗa ya fi ƙarfina, na gaya masa gaskiya. Sai ya ce saboda darajar tsoho zai yi mini wata alfarma. In aiko masa da tsohuwar injektar, su suna da masu gyara ta su sake sayarwa, shi kuma zai rage mini kusan rabi. Ya ce yana da wakili a tashar mota a Sakkwato, in ba direba ya kai masa, ranar da ta isa hannun wakilin ranar tasa za ta taso, kafin albasa ta nemi wani ruwan ta iso. Na ce ko a bari sai tasa ta zo tukuna. Ya yi dariya ya ce ai shi ma yana tsoron a cuce shi, kuma akwai wani daga Jega da ke son ta, in ban shirya ba babu komai. Jin an ambaci Jega, garin da na san manoman albasa ne, sai hankalina ya tashi. Na tura kuɗin a ranar. Sunan da ya fito a asusun na mace ne, na tambaya, ya ce na maiɗakinsa ne, nasa ya sami matsala. Ni mai yi wa mutane huɗuba, na karɓi wannan amsa ban ko tauna ta ba.

Na hau babur na nufi gida a kan wannan hanya tamu mai cin taya, ina jin kaina kamar wanda zai kai albishir ɗin kujerar Makka. Na sami Baffa na zayyana masa komai, na nuna masa bidiyon. Ya ce injin da ke aiki a cire masa abu a tsakiyar rani, amma ya tashi ya kai maganar. Ya dawo ya ce mahaifina ya ce to. Kalma ɗaya ke nan. Yau na san wannan to ɗin ba yarda ba ce. Kunyar da ta hana ni yi masa magana ita ta hana shi yi mini musu, don ba zai so a ce ɗansa na fari ya zo da abin arziki ya mayar da shi ba. Da ƙanena ne ya zo da wannan shawara, da ya kore shi da sanda. Aka ba lambu ruwa ya ƙoshi, bakanike ya kwance injektar, na naɗe ta a tsumma na sa a buhu, na ba direban Sakkwato da hannuna.

Wakilin ya karɓa, mutumin ya kira ni ya tabbatar, har ya turo hoton wani kwali da aka rubuta sunana a jiki. Daga nan labari ya fara canzawa. Yau mota ta lalace a hanya, gobe jami'ai sun tsare kaya sai an ba su wani abu. Na ƙara turawa. Lambar direban da ya ba ni ba ta taɓa shiga ba. Rannan da safe ina shirin shiga aji na kira, na ji waya a kashe. Na duba shafin, tallar ta ɓace. Na jingina da bangon aji, yara suna ta gaishe ni suna wucewa. A wannan lokacin na san an cuce ni, babu sauran shakka a raina.

To a nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko muni, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Da Baffa ya kira yana tambaya, sai na ce kaya na hanya. Na kasa buɗe baki in ce a je a gaya wa mahaifina cewa ɗansa mai ilimi ya miƙa wa ɓarawo kayan injinsa. Na yi ta gaya wa kaina cewa zan samo wata a ɓoye in kai, ba wanda zai sani. Na nemi izini a makaranta na tafi Sakkwato, na zaga tasha ina tambayar wakilin, ba wanda ya san shi. Na bi 'yan kayan gyara layi layi, na je Jega, kowa ya ce irin wannan sai an yi cigiya. Duk wannan lokacin Baffa na kira, ni kuma ina cewa gobe, jibi. Daga baya ya gaya mini cewa maƙwabta sun kawo shawarar a yi karo-karo a hayo ƙananan injina a jera su, wannan ya miƙa wa wancan har ruwa ya hau tudu. Mahaifina ya ce musu a dakata, kaya na hanya, ba zai sa mutane asara a banza ba. Kullum da hantsi yakan fita bakin hanya ya zauna, duk motar da ta tsaya sai ya miƙe.

Ranar da na faɗi gaskiya, matata ce ta tilasta ni. Ta ce ta gaji da ganina ina juya abinci a kwano, in ban kira Baffa ba ita za ta kira. Da na gaya masa, ya yi salati, ya ce da na faɗa tun farko da an san abin yi. Aka hayo injinan, amma an makara. Na je na ga lambun da idona. Ganyen ya kwanta ya yi fari, ƙasar fangali ta tsage, in ka tuge albasa sai ka ga ɗan kai kamar goro. Ba namu kaɗai ba, har na mutanen da suka dogara da ruwansa, cikinsu akwai wanda da albasar zai aurar da 'yarsa. Na zauna a bakin fangali na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Mahaifina yana can gefe yana naɗe tiyo, bai dube ni ba.

An sami wata injektar daga Kano bayan an gama rani, amma ba ta zauna daidai ba, injin bai sake yin lafiya ba. Shekarar da ta biyo maƙwabta suka haɗa kai suka yi nasu tsarin, suka ba wani rabon ruwa. Mahaifina ya sayar da saniya ya rage wa waɗanda suka fi jin jiki asara, ya bar lambun. Yanzu da rani yana gida, yana tufkar igiyar shanu a ƙofar zaure, mutumin da a da ba ya wuni a gari.

Abin da zan gaya wa 'yan'uwa masu sayen kayan gyara ta waya shi ne, hoto da bidiyo ba shaida ba ne, kowa na iya ɗauko na wani ya turo. Wanda ya yi maka magana da harshen garinku ba lallai ne ɗan'uwanka ba. In sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ko aka ce ka yi sauri wani na jira, ka tsaya. Ka nemi wanda ka sani a garin ya je ya taɓa kayan da hannunsa, ko a kawo ka gani sannan ka biya. Kada ka taɓa rabuwa da tsohon abin da ke yi maka aiki, komai lalacewarsa, sai sabon ya zauna a gurbinsa ya tashi. In kuma ƙaddara ta riga ta faɗa maka, ka faɗa a ranar, ga wanda abin ya shafa. Shi ɓarawon, kuɗi da ƙarfe kawai ya ɗauka. Albasar, shirun da na yi ne ya kashe ta.

Akwai abu ɗaya da ban sani ba sai bara. Na je gida ta'aziyya, wani dattijo cikin maƙwabtan lambu ya ja ni gefe, ya ce in riƙa sa ido a kan tsohona, girma ya fara taɓa shi, tunda har ya iya cire kayan injinsa ya ba wani baƙo da ya yaudare shi a kasuwa. Na je na tambayi Baffa, ya ce haka mahaifina ya gaya wa kowa tun ranar farko, cewa shi ya yi cinikin da kansa. Na ce zan tara mutanen in faɗi gaskiya. Baffa ya kai maganar, ya dawo da amsa. Mahaifina ya ce in bar ta yadda take. Ya ce shi ya riga ya ci yawancin kwanakinsa, ko an ce ya ruɗe babu abin da zai ragu, amma na Tambuwal 'ya'yan mutane yake koyarwa, bai kamata a ji wannan a kansa ba. Har yau a garinmu ana yi masa kallon tsohon da ya kashe albasar mutane, ni kuma idan na sauka daga babur ana tasowa a gaishe ni ana cewa Malam ya iso.