Miyar Da Ta Huce a Murfin Fulas

Tun safe yake tsaye a ƙofar gidan burodin Madam Kervella, ruwan sama na ɗiga daga bakin hularsa. Dogon tsoho ne, ya ɗan ranƙwafa, takalmansa a goge kamar mai zuwa coci. Ya rungume fulas ɗin miya a ƙirji.

Sai ga wata mai tseren keke, leɓunanta sun tsattsage, ta kwana biyu a hanya. 'Yarsa ce, hancinsu iri ɗaya. Dokar tseren ta hana karɓar komai daga hannun dangi, sai abin da kowa zai iya saya.

"Haba dattijo, miƙa mata miyar mana!" in ji Madam Kervella. "Masu dokar suna can Paris cikin ɗumi. Wa zai gani?"

"Ita za ta gani," ya ce.

'Yar ta sayi burodi kamar baƙuwa, ta ce, "Sannu, Baba," ta hau kekenta. Ina jin shi ne ya koya mata wannan taurin kai.

Da ta ɓace ya zuba miyar a murfin fulas, ya riƙe, yana kallon hanya har tururin ya daina tashi.