Sunan Baba Sau Ashirin

Firinta ce ta fara gaya mini. Takarda ɗaya nake jira, sai ga ta biyu, ga ta uku, ta ƙi tsayawa.

Tun da na gama sakandare nake aiki a wani shagon kwamfuta a Sabon Gari, nan Wudil. Da mulki ya dawo hannun farar hula, rabon taki ya koma hannun kansila, shi ne ya ce a haɗa masa shafin shigar da sunayen manoma. Mai shagon ya tafi Kano ya bar mini aikin, da wata 'yar ma'ajiyar kod, wato rubutattun umarnin kwamfuta, da ya koya mini. Ya ce layi biyu za ki rubuta, maɓalli ya samu kunne: an danna, ya ji, ya adana suna. Na gwada da suna ɗaya, ya shiga lafiya lau.

Manoma ashirin suka zo daga Indabo da Dagumawa, har da Baba. Na bar shi ƙarshe don kada a ce na yi son kai.

Da na duba takardun, na farko sunansa sau ɗaya, na biyu sau biyu, haka abin ya yi ta hawa. Sunan Baba sau ashirin, reras.

Wakilin kansila na tsaye a kaina. Ya fizge takardun, ya ce wato buhun taki ashirin gida guda, lallai yarinya ta iya boko, sai dai in ƙarasa bayani wajen 'yan sanda. Baba ya cire hula ya mayar.

"Ke kika yi wannan?"

"Wallahi Baba, ban san yadda aka yi ba."

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In leƙa titi ina duban motocin da ke tsallako gada, in dawo in zura wa kod ido, haruffan na rawa. Ko shafin ban iya rufewa ba.

Bayan azahar mai shagon ya iso. Ya duba, ya girgiza kai. Ashe a wurin buɗe sabon fom na saka umarnin. Duk fom ɗin da na buɗe, maɓallin ya ƙara kunne. Dannawa ɗaya, duk kunnuwan su ji, kowanne ya rubuta nasa. Wakilin ya ce shi bai san wani kunne ba. Sai mai shagon ya miƙa masa kujera, ya ce ya rubuta sunansa da hannunsa ya danna.

Ya fito sau ashirin da ɗaya.

Wani dattijo daga Indabo ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ka fi mu duka. A sam mana buhu ɗaya mana."

Aka kwashe da dariya, ban da ni. Ana kiran la'asar wakilin ya yage takardun, bai ko kalle ni ba ya ce:

"Bi babanki ku tafi gida. Ba mai taɓa ki."