Famfon Hoto

Na yi ayyuka iri-iri a wannan sana'a tamu ta filamba, na kuma manta da yawancinsu, amma ranar da aka buɗe asibitin tafi-da-gidanka a wani ƙauye bayan Assakio ta ƙi fita raina. Ku da kuka shigo aikin yanzu ku saurara, domin irin mutanen da ke cikin labarin nan ba su ƙare ba, ƙaruwa ma suka yi.

A lokacin ni ne babban filamba a sashen gyare-gyare na wata gidauniya a nan Lafia. Gidauniyar ta wani attajiri ce da muke kira Ciyaman. Daga shi sai manaja, Oga Sabo, wanda ke ba mu umarni. Daga manaja kuma sai mu masu dattin hannu: kafinta, mai wayar lantarki, direbobi da ni. Yadin aikinmu yana Bukan Sidi.

Wata safiya cikin bazara aka jawo wata ƙaramar tirela aka ajiye mana a yadi. Ba irin tirelar ɗaukar doya ba. Ɗaki ne guda a kan taya, irin wanda Turawa ke ɗaurawa a bayan mota su tafi daji shaƙatawa, da gado, da murhun gas, da besin na wanke hannu. Ciyaman ya saye ta a hannun wani Baturen aikin hanya da zai koma gida, ya ce a mayar da ita asibiti, a riƙa janta ƙauye-ƙauye ana duba mata masu ciki. Tunanin kam ba laifi, ni ma na yi murna.

Ga yadda ruwan irin wannan tirela yake, ga wanda bai sani ba. Akwai tanki a ƙarƙashin gado, bai kai rabin duro ba. Kusa da shi akwai ɗan injin tura ruwa, girmansa bai fi burodi ba, batir yake sha. Ka buɗe famfo ya kama aiki da kansa, ka rufe ya tsaya. Bututun duk siririn tiyo ne. An yi kayan ne don mutumin da zai wanke kofi ya wanke fuska, ba don shayar da gari ba. Abin da injin ya tsana kuwa shi ne a bar shi yana juyawa tanki ba ruwa.

Wadda aka ɗauka ta riƙe asibitin ita ce Sista Rahila, ungozoma ce 'yar Eggon, ta daɗe tana karɓar haihuwa. Ta zo yadi da kanta, ta shiga ta duba, ta ce mini, "Baba Audu, abu biyu nake so. Ka matso mini da besin kusa da gado, ka sa mini famfo mai dogon hannu da zan buɗe da gwiwar hannu. Idan hannuna da jini ba zan taɓa komai ba. Ni dai ruwa na ciki shi ne aikina. In babu shi, wannan ba kilinik ba ne, kwantena ne."

Na ji daɗin maganarta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na cire besin na matsar, na ja sabon tiyo, na sa matacin ruwa kafin inji, na wanke tanki tas. Ta gwada da gwiwar hannu, ruwa ya zubo, ta yi dariya ta sa mini albarka. A ganina aiki ya ƙare.

Ana saura 'yan kwanaki a yi bikin buɗewa sai ga Oga Sabo. Mutum ne da bai taɓa riƙe sifana ba, amma ba aikin da bai iya gyarawa da baki ba. Ya zagaya tirelar yana toshe hanci, ya leƙa ciki, ya buɗe famfon Sista, ya taɓe baki.

"Wannan ne ruwan? Malam Audu, wa zai ga wannan? Kamara ba za ta shiga nan ba. Ina son famfo a waje, a jikin bodi, inda Ciyaman zai tsaya ya murɗa, ruwa ya fito da fawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, famfon waje ba wuya. Sai dai tankin ƙarami ne, kuma ruwan na Sista ne."

"Ka sa dai."

Na sa. Na huda bodi, na yanka tiyo na sa mahaɗa mai baki uku, ɗaya ciki, ɗaya waje. Ya dawo ya gwada, ruwan ya fito daidai ƙarfin injin, wato kamar na buta. Ransa ya ɓaci. Ya tambaye ni me ya sa ba ya feshi. Na ce siririn tiyo ne, kuma layi biyu ne a kan inji ɗaya. Ashe na ba shi makami. Ya ce to a cire layin ciki gaba ɗaya, a sa wa na waje bututu mai faɗi, bayan biki a mayar.

Na ce, "Idan aka samu mara lafiya ranar fa?"

"Abeg, Malam Audu, kar ka kawo mini dogon turanci. Ranar komishonin ce, bikin buɗewa, ba ranar asibiti ba. Wa zai yi ciwo a gaban Ciyaman?"

Har yau in na tuna wannan tambaya sai na yi tsaki. Wai ciwo ma yana duba jadawalin manya kafin ya zo. Na je na gaya wa Sista Rahila, ita ma ta same shi a ofis, ya ce mata ta yi haƙuri na yini ɗaya. Na roƙe shi a ba mu duro biyu na ruwa mu tafi da su, ya ce mota ta cika da kujeru da rumfuna. Na cire layin ciki na toshe, na sa mahaɗar a aljihuna, da niyyar ana watsewa in mayar.

Ranar Asabar aka yi bikin. Ƙauyen na manoman doya ne, galibinsu Tibi, kuma a bazara sai sun yi tafiya mai nisa zuwa rafi kafin su sami ruwa. Muka iske an riga an gaya musu wai an kawo musu asibiti da famfo. An ɗaure ƙofar tirela da jan ƙyalle, wanda Ciyaman zai yanka a ƙarshe. An sayo sababbin bokitai masu tambarin gidauniya, an raba wa mata, an jera su layi a gaban famfon tun hantsi. Mai hoto ya bi layin yana zaɓe kamar mai sayen akuya. Ya hango wata mai tsohon ciki a baya, sunanta Ngodoo, ya jawo ta gaba, ya ce ita ce za ta fi kyau a hoto. Uwar mijinta, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama, ta biyo ta ta tsaya a bayanta.

Ni kuwa ina tsugune gefen tirela kusa da makunnin inji, sai Oga Sabo ya ce kayan aikina za su ɓata hoto, in koma can ƙarƙashin mangwaro wajen direbobi. Na ce masa, "To in ruwa ya ƙare a rufe famfo, kada inji ya ƙone." Bai ko juyo ba.

Ciyaman bai iso ba sai da rana ta take. Aka yi jawabi, aka yi rawa, aka sake jawabi. Matan nan suna tsaye a rana da bokiti, manyan baƙi suna rumfa sun shanye ruwan gorar da aka kawo tun kafin azahar. Sannan aka zo kan famfo. Ciyaman ya murɗa, ruwa ya feso, aka yi tafi, Ngodoo ta tara bokitinta. Mai hoto ya ce a sake, Ciyaman ya rufe ido. Aka sake. Daga nan kowane mai babbar riga ya ce shi ma sai ya murɗa. Wasu matan suka samu aka cika musu, amma yawancin ruwan ƙasa ya sha, domin mai hoto ya ce ya fi kyau a ga yana zuba fili. Ina daga nesa ina kallon ruwan Sista yana zama taɓo, takaici kamar ya kashe ni.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani baƙo ya murɗa, famfo ya yi tari ya tofa, ya yi shiru. Suka yi dariyar borin kunya suka koma rumfa, suka bar shi a buɗe. Lasifika na ta ƙara, ba wanda ya ji inji yana kuka a ciki. Kafin in kutsa cikin taron in kai hannu, ƙaurinsa ya riga ni.

A daidai lokacin Ngodoo ta durƙusa ta riƙe ƙugu. Tsayuwar rana ta taso mata da naƙuda. Sista Rahila ta taso daga kujerarta ta duba ta, ta ce ba za ta kai Assakio ba, balle Lafia, a shigar da ita ciki. Sai Oga Sabo ya sha gaban ƙofa ya buɗe hannuwa.

"Sista, ki ɗan jira. Ciyaman bai yanka ribon ba. Jawabi ɗaya ya rage."

Ta buɗe jakarta, ta zaro almakashin yankan cibi, ta datse jan ƙyallen nan ta gefen hammatarsa, ta ce wa mata su kamo. Na ga buɗe asibiti da yawa a rayuwata, wannan ne kaɗai na ga wanda ya cancanta ya buɗe.

Ta leƙo ta ce, "Baba Audu, ruwa."

Na zaro mahaɗar daga aljihuna na shiga na ɗaga murfin tanki. Ko ɗigo babu, inji kuma ya ƙone. Ko na mayar da layin, me zai bi ta ciki? Na ce mata, "Sista, babu." Ban taɓa jin nauyin kalma kamar wannan ba. Ga mace tana nishi a kan gado, ga famfon da na yi da hannuna, ga ungozoma ta ɗaga hannuwa ba abin wankewa.

Mama ce ta ɗauki bokitin surukarta, wanda aka cika don hoto, ta nufo ƙofa. Ta yi wa sauran magana da yarensu, duk mai ruwa a bokiti ta biyo ta. Oga Sabo, da yake Allah bai ba shi sanin lokacin yin shiru ba, ya ce, "Ku tsaya a layi, ba a gama hoto ba. Kuma bokitan nan na ofis ne, za a karɓa."

Mama ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Bokiti naka ne, za ka karɓa. Ruwa kun ba mu, an ɗauka foto. Ruwa namu ne yanzu. Ka tashi a hanya."

Ya tashi. Na kunna murhun gas ɗin Bature, na ɗora tukunya, muka tafasa. Na tsiyaya wa Sista a hannu da kofi ta wanke a besin ɗinta, ƙarƙashin famfo mai dogon hannu da ba ya komai, sannan na fito na bar mata. Na tsaya a bakin ƙofa ina karɓar bokiti ina miƙawa. Ruwan ya isa da ƙyar. Kafin la'asar muka ji kukan jaririya.

Ciyaman ya riga ya tafi a lokacin, yana da wani taro a Keana. An gaya mini a mota Oga Sabo ya ba shi labari cewa asibitin ya yi albarka, ranar farko har an haihu. Ciyaman ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a sa a takardar gidauniya.

Da muka dawo Bukan Sidi na sa sabon inji, na mayar da layin Sista yadda yake. Na ɗauko sifana zan kwance famfon waje in toshe ramin, Oga Sabo ya ce kul, famfon yana cikin hoto, in baƙi suka zo za su neme shi. Na ce to. Na bar masa kan famfonsa a jikin bodi, na cire duk abin da ke bayansa. Har na bar aiki yana nan, duk shekara ana masa fenti, bai sake ba kowa ɗigon ruwa ba. Hoton kuma yana rataye a ofis: Ciyaman yana murmushi, ruwa na feshi, Ngodoo ta cije leɓe riƙe da bokiti. Masu kallo cewa suke murna take yi.

Abin da na koya ke nan. Masu kiranmu aiki, akwai mai son ruwa, akwai mai son a gan shi kusa da ruwa, kuma sau da yawa na biyun ne ke ba da umarni. Ba kullum za ku iya ce masa a'a ba, na sani, kowa da bakin da yake ciyarwa. Amma tun daga ranar, duk inda aka kira ni, kafin in yanka bututu sai na tambaya wa zai wanke hannu a nan, in je in same shi mu yi magana. Kuma ban sake zuwa bikin buɗe komai ba sai da jarka cike a bayan mota.